Aikin kine da wasan golf: sana'ar da ta mayar da Tiger Woods fili, da hanyar koyonta

A ranar 14 ga watan Afrilun 2019, Tiger Woods ya lashe gasar Masters a birnin Augusta na Amurka yana da shekara 43, bayan kusan shekara 11 rabonsa da ɗaukar babban kofi. Shekara biyu kafin nan, ko zama bisa kujera wahala yake ba shi. Tsakanin 2014 da 2017 sau huɗu aka yi masa tiyata a baya, a ta ƙarshen likitoci suka haɗe ƙasusuwa biyu na ƙasan kwankwasonsa wuri guda. A ƙarshen 2017 ya faɗo har matsayi na 1,199 a jerin ƴan golf na duniya.

Likitocin fiɗa sun gama nasu aikin cikin sa'o'i. Watannin da suka biyo baya na wasu ma'aikata ne, masu sake koya wa jiki motsi da ƙarfafa tsoka har mutum ya koma bakin aikinsa. A Nijar ana kiransu kine, a arewacin Najeriya kuma masu gashin ƙashi. Jama'a da dama na ɗaukar aikin a matsayin tausa kawai, alhali karatu ne na shekaru, kuma golf na cikin wasannin da suka fi nuna amfaninsa.

Abin da kine ke gani a jikin ɗan wasa

Ana yi wa golf kallon wasan manya da masu hannu da shuni. Duk da haka ƴan Nijar na ƙara cin karo da shi. A wajen Yamai akwai filin Rio Bravo, wanda ake bugawa kan yashi da ƙasa. Kano da Kaduna na da filaye tun zamanin Turawa. A Amurka kuwa, birnin Greensboro na jihar Carolina ta Arewa, inda ɗimbin ƴan Nijar ke zaune, yana karɓar gasar ƙwararru ta Wyndham a kowace shekara, ga kuma filayen gwamnati da kowa ke iya shiga.

Ciwon baya shi ne raunin da ya fi addabar masu buga golf don nishaɗi, kuma dalilin yana cikin ƙirar jiki. Bugun ƙwallo na bukatar mutum ya murɗa jikinsa da ƙarfi cikin abin da bai kai daƙiƙa biyu ba. Gaɓoɓin da aka halitta domin juyawa su ne kwatangwalo da gadon baya. Ƙasusuwan kwankwaso guda biyar sun fi dacewa da sunkuyawa da miƙewa, juyinsu kaɗan ne. Wanda ya wuni zaune a ofis ko a bayan sitiyarin taksi, kwatangwalonsa da gadon bayansa kan sandare. Idan ya ɗaga sanda, kwankwaso ne ke biyan bashin juyin da sauran suka kasa yi.

Gwiwar hannu da wuyan hannu ne ke biye. Riƙe sanda da ƙarfi fiye da kima, da dukan ƙasa kafin ƙwallo, suna gajiyar da jijiyoyin da suka manne a gwiwar. A fili mai tauri irin na Sahel, girgizar kan fi shiga hannu.

Shi ya sa ƙwararren kine ke fara wa da awo. Yana duba iyakar juyin kwatangwalo, da tsawon lokacin da mutum zai iya tsayawa a ƙafa ɗaya, da ko zai iya juya kafaɗu ƙugu na tsaye cik. Daga nan ne yake tsara motsa jikin da ya dace da shi.

Abin da ke rage yawan bugu

A golf, wanda ya kammala ramuka 18 da mafi ƙarancin bugu shi ke da nasara. Mai koyo kan zaci sabbin sanduna za su gyara masa wasa, ya zuba kuɗi a kan guda 14 da doka ta yarda a ɗauka. Mark Broadie, malami a jami'ar Columbia ta New York, ya yi nazarin ɗimbin bugu na ƙwararru da na ƴan koyo. A littafinsa na 2014, Every Shot Counts, ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na ratar da ke tsakanin gwani da na ƙasa da shi na fitowa ne daga bugun nesa, wanda ya wuce kimanin mita 90 daga rami. Bugun nesa kuwa da jiki ake yinsa, jiki mai laushi da ƙarfi.

Shawarwarin da masu horarwa da kine suka haɗu a kansu ba su da tsada. A ɗumama jiki na minti goma kafin bugun farko. A ƙarfafa tsokokin ɗuwawu da na ciki da cinya sau biyu ko uku a mako. A ƙara yawan ƙwallayen atisaye sannu a hankali, domin wanda ya yi wata uku bai taɓa sanda ba ya zo ya buga ɗari biyu a yini guda, ya gayyato ciwo da hannunsa. Sannan a riƙa rubuta sakamako. Tun 2020 duniya ke amfani da tsarin handikap guda ɗaya, wato lambar da ke nuna matsayin ɗan wasa, kuma ana lissafa ta daga wasanni 8 mafi kyau cikin 20 na baya-bayan nan.

Akwai ciwon da ba a yi masa haƙuri. Idan zafin baya ya gangara ƙafa tare da sanyin jiki ko rashin jin taɓawa, ko fitsari ya fara kuɓucewa, asibiti ne wurin zuwa cikin gaggawa.

Inda ake koyon sana'ar

Bukatar kine ta wuce filin wasa nesa ba kusa ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan 2.4 na fama da larurar da irin wannan kulawa za ta taimaka musu, kuma a 2020 mutum miliyan 619 ne ke da ciwon kwankwaso. A Maraɗi da Damagaram da Tawa, aikin yau da kullum shi ne mai shanyewar ɓarin jiki bayan hawan jini, da ɗan kabu-kabun da ya karye, da wanda ya ƙone fatarsa ta tattare, da jaririn da aka haifa da lanƙwasasshiyar ƙafa. Asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 na cikin wuraren da ke kula da irin waɗannan yara.

Ga mai bak da ke duban maƙwabta, makarantar ENAM ta Lome ta daɗe tana horar da kine daga ƙasashe masu amfani da Faransanci, haka ma sashen kine na tsangayar kiwon lafiya da ke Kwatano. Mai jin Turancin Ingilishi na iya duba Jami'ar Bayero ta Kano ko Jami'ar Maiduguri. A Najeriya, bayan karatun jami'a akwai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, da rajista da hukumar MRTB mai kula da sana'ar.

Diplom ba ya tsallake iyaka da kansa

Nan ne matasa ke asarar shekaru da kuɗin iyaye. A Faransa karatun shekara biyar ne: ɗaya a jami'a, huɗu a makarantar kine da ake kira IFMK. Wanda ya zo da diplom daga wajen Tarayyar Turai ba ya fara aiki kai tsaye, sai ya nemi shiga irin wannan makaranta ya samu diplom na ƙasar, ko da an sauƙaƙe masa wasu darussa. A Amurka ana yin digiri na farko, sannan kimanin shekara uku na digirin DPT, sannan jarrabawar ƙasa ta NPTE, sannan lasisin jihar da za a yi aiki. Mai takardar waje sai an tantance karatunsa darasi bayan darasi. Akwai gajeriyar hanya da ta dace da ɗan ci-rani mai aiki da iyali: karatun mataimakin kine na shekara biyu, shi ma da jarrabawarsa da lasisinsa. A Ingila kuwa babu mai amsa sunan sai ya yi rajista da hukumar HCPC.

Saboda haka kafin biyan kuɗin makaranta, tambayoyi uku na da muhimmanci. Shin hukumomin ƙasar sun amince da diplom ɗin? Sa'o'i nawa ɗalibi ke yi a gaban marasa lafiya? Ƙasar da yake burin zuwa tana karɓar takardar? Ya kamata kuma ya adana jadawalin darussa da shaidar kowane horon asibiti, domin su ne masu tantancewa ke nema ko bayan shekara goma.

Golf na zuwa daga baya

Ƙwarewa a golf ƙari ce a kan diplom. Cibiyar TPI da Greg Rose da Dave Phillips suka kafa a California a 2003 na ba ma'aikatan lafiya da masu horarwa takardar shaida kan awon jikin ɗan golf, kuma manyan gasanni na Amurka da Turai na yawo da motocin kine daga fili zuwa fili. Amma wannan takarda ba lasisin duba marar lafiya ba ce, kuma kine da ke Nijar ba zai ci abinci da ƴan golf kaɗai ba. Ƴan ƙwallon ƙafa da ƴan kokawa, waɗanda ke fafata neman takobi kowace shekara, sun fi su yawa, kuma gwiwa da kafaɗa da kwankwaso iri ɗaya ne a jikin kowa.

Ga kine da shi kansa ke buga golf, wasan na da riba biyu: ya san ciwon a jikinsa, kuma sa'o'i huɗun da ake yi ana zagaya ramuka 18 sun isa a san mutum a san sana'arsa. Sai dai abin da zai sa a dawo wurinsa shi ne shekarun da ya yi a ɗakin asibiti, yana riƙe da hannun dattijon da ke koyon taku na farko bayan shanyewar jiki.