Gurnanin Janareto da Muryar Shata

Idan aka ɗauke wuta a Sharada ko Challawa a Kano, gurnanin manyan injinan dizal ne ke cika unguwa, su ne ke riƙe da kamfanonin roba da majemun fata. Gurnanin nan yana da lissafi. Akasarin injinan ana saita su ne a kan juyi 1,500 a minti, don wutarsu ta riƙa kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, daidai da ta layin ƙasa. Kaya ya yi wa inji yawa har ya sauko 1,410, kaɗawar ta koma 47. Tsohon makanike a Bompai ba ya jiran mita ta faɗa masa, kunnensa ya riga ya ji muryar injin ta yi kauri.

Abin da makaniken ya ji shi ne tushen aikin naɗar waƙa. Sauti kaɗawar iska ne: ta yi sauri murya ta yi siriri, ta yi nawa murya ta yi kauri. A faifan garmaho da kaset, saurin kiɗa da tsayin murya a ɗaure suke da juna. Wanda ya taɓa sauraron Shata a rediyo mai kaset batir na mutuwa ya san haka: kalangu ya ja jiki, murya ta nutse. Sauyin kashi 6 cikin ɗari ya isa ya gusar da waƙa mataki guda a kan fiyano, daga maɓalli zuwa na kusa da shi.

Masu opera, wasan kwaikwayon Turai da ake rera zancensa da rakiyar makaɗa, sun sha fama da wannan. A Afrilun 1902 Enrico Caruso ya naɗi waƙoƙi 10 a Milan ta Italiya, lokacin ba a tsayar da juyi 78 a minti a matsayin ƙa'ida ba. Wanda ya juya irin wannan faifai a gudun da ba nasa ba, wani mawaƙin daban zai ji. Abin da ya ceci masu gyara shi ne waƙoƙin a rubuce suke, an san matakin da mai tsarawa ya ɗora kowacce, sai a yi ta daidaita gudu har amo ya faɗa gurbinsa. Ko nan ma da sauran gardama, don ma'aunin da makaɗa ke saita amo da shi kansa ya yi yawo: Faransa ta tsayar da kaɗawa 435 a daƙiƙa a 1859, taron Landan na 1939 ya zaɓi 440.

Kwamfuta ta raba abin da kaset ya haɗa. Mai haɗa kiɗa a situdiyo a Titin Gidan Zu, ko DJ a wurin biki, yana iya ɗaga waƙa daga bugu 120 a minti zuwa 127 ba tare da murya ta motsa ba. Akwai ma manhajoji irin su Mixed In Key da ke jera matakan waƙa a da'ira mai lamba 12 kamar agogo, waƙoƙin da ke maƙwabtaka a da'irar su ne ke shiga juna lafiya. Wannan yana aiki a waƙar fiyano da aka gina bisa bugu ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. A opera kuwa manhajar ruɗewa take yi, saboda jagoran makaɗa yana jan kiɗa yana sakinsa gwargwadon numfashin mai rerawa. Haka take ruɗewa a gaban kalangu, wanda makaɗi ke matse tsarkiyarsa a hammata yana hawa da sauka tare da karin harshe.

Abin da ke damuna yana nan. Waƙoƙin Narambaɗa, Shata, Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge sun iso wayoyinmu ne ta doguwar hanya: daga faifai ko tef zuwa kaset, daga kaset zuwa kaset a shagunan kwafi, sannan zuwa kwamfuta. Kaset ya kamata ya yi gudun santimita 4.76 a daƙiƙa, amma kowane inji da ɗan kuskurensa, kuma kuskure kan hau kan kuskure. Hausa ba ta tona asirin wannan ɓarna, domin karin sama da na ƙasa suna gusawa tare, kalma ba ta sauya ma'ana. Sai mu ji baitin daidai, mu ɗauka muryar ma daidai take. Kuma ba mu da takardar da za mu duba kamar masu Caruso.

Amma akwai shaida ɗaya da ba a cika kula da ita ba, wato ɗan gurnanin wutar lantarki da ke maƙale a ƙarƙashin tsofaffin naɗe-naɗe. Injiniyoyin adana sauti suna auna shi: in ya nuna 53 maimakon 50, an san tef ɗin yana gudu fiye da kima da kashi 6 cikin ɗari, sai a mayar da shi. Abin takaici, shi ne abu na farko da mai gyara ke gogewa don waƙa ta fito tas. Kamata ya yi a auna kafin a goge, a kuma ajiye kwafin asali ba a taɓa shi ba.

Shaidar ba ta wanke kanta sarai ba. In da janareto aka yi naɗin, kuma injin yana haki irin na Sharada da tsakar rana, gurnanin kansa ba a 50 yake ba. In da batir aka yi, babu shi ma gaba ɗaya. A nan sai a koma ga mutane. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015, kuma akwai makaɗa da 'yan amshi da suka tsaya a bayansu suna raye. Gidajen rediyon Kano da Kaduna, da duk mai tsohon tef a akwati, su zaunar da waɗannan dattawa a gaban lasifika, a riƙa ɗaga gudu ana saukewa har su ce nan ne, a rubuta lambar a jikin kwafin.