Shin Ko Kun San? Ganyen Ƙamshi Daga Tsakar Gida Zuwa Tukunya

Shin ko kun san ɗaɗɗoyar nan da ke tsirowa a gindin randa ko bayan ɗaki, wadda sau da yawa ake tugewa tare da ciyawa, dangi ɗaya ce da ganyen da mutanen Italiya suke tinƙaho da shi a girkinsu? A birnin Jenowa suna kirɓa tasu a turmin dutse da tafarnuwa da cuku da man zaitun, su cuɗa taliya da ita ɗanya, ko wuta ba ta gani ba. A Indiya kuma 'yar'uwarta da suke kira tulsi har ɗan gini ake yi mata a tsakar gida, ana ba ta ruwa kowace safiya. Tamu mai faɗin ganye ta fi ta Italiya juriya. Waccan shekara guda take yi ta mutu, tamu kuwa in ta samu ruwa sai ta yi shekaru, ta yi itace, ta kai tsayin mutum.

Ku murza ganyenta a tafin hannu ku shinshina, sannan ku shinshina kanumfari. Za ku ji suna ɗiban kama, domin sinadarin yujinol da ke cikin kanumfari yana cikin yawancin irin ɗaɗɗoyar nan. Da shi ne likitocin haƙori ke haɗa cikon wucin gadi.

Shukarta ba sai an nemi iri ba. Ku karyo reshe mai tsawon tafin hannu, ku cire ganyen ƙasa, ku tsoma a kofin ruwa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ku ga fararen saiwoyi sun fito, sai dashe. Da ta fara fure ku tsinke kan, domin da zarar ta koma yin iri ganye zai ragu. Kowane kai da aka tsinke, biyu ne ke tohowa a gurbinsa. A tukunya kuma kada a zuba ta tun wurin sanwa. Ƙamshinta mai ne da ke bin tururi, saboda haka abin da maƙwabta suka shaƙa ta katanga shi ne abin da farfesun ya rasa. A yanka ta ana gab da saukewa, a rufe tukunya, a kashe wuta.

Shin ko kun san garin kori na gwangwani ba daga ganyen kori ake yin sa ba? Haɗi ne na kayan yaji da dama, kuma kurkum ne ke ba shi launin rawaya. Ganyen da masu kayan miya ke sayarwa a kasuwanninmu da sunan ganyen kori ma ƙaramar ɗaɗɗoya ce mai ƙamshin lemo. Na Indiya bishiya ce, daga dangin lemun tsami. Haka kuma ganyen uziza da 'yan kudu ke zubawa a miya, ganyen tsiron da ke haifar masoro ne, wanda muke dakawa a yaji.

Shin ko kun san sanyin da na'a-na'a ke sawa a baki ba sanyin gaske ba ne? Zafin bakin mutum yana nan yadda yake. Sinadarin mentol ne ke taɓa jijiyar da aikinta shi ne sanar da ƙwaƙwalwa an ji sanyi, sai ta aika da saƙo. Barkono ma haka yake yi da jijiyar da ke jin zafi. Da waɗannan tsirrai biyu na madafa aka gano yadda jikin ɗan Adam ke jin zafi da sanyi, kuma wannan bincike yana cikin abin da ya sa David Julius da Ardem Patapoutian, masana biyu da ke aiki a Amurka, suka samu kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2021. Irin na'a-na'ar da ake sawa a man goge baki da alewa ita ce mai mentol da yawa. Ta shayi ta fi taushi, shi ya sa take shiga da sukari ba ta yi wa harshe kaifi. A Maroko da wuya a zuba wa baƙo shayi babu ita. Koren shayin daga Sin suke sayowa, na'a-na'ar kuwa daga gonakinsu take fitowa, a cusa ta cikin buta da rassanta bayan ruwa ya tafasa.

Mai lambu kuma ya yi hattara da ita. Saiwarta a kwance take tafiya ƙarƙashin ƙasa, ta ɓullo can inda ba a zata ba, kafin a ankara ta mamaye fangalin alayyafo da na latas. A ba ta tsohon bokiti ita kaɗai, a huda gindinsa don ruwa ya riƙa fita. Tana son danshi kullum, tana son ranar safe, amma a watannin bazara, Maris zuwa Mayu, sai an matsar da ita inuwa da tsakar rana, in ba haka ba gefen ganyen ya ƙone.

Shin ko kun san da wuya a samu ganyen da ya kai lansir saurin biyan mai shi? Kwana biyu da yayyafa iri ya tsiro, mako biyu an fara yanka. Ko ƙasa ba ya buƙata: a jiƙa auduga a kan faranti, a barbaɗa iri, a ajiye kusa da taga. Dangin kabeji ne, ɗan yajin da yake yi a hanci ma gadon gidansu ne. Sanyin hunturu yake so, da zafi ya shigo sai ya yi fure ya daina ganye. A ganina shi ya fi cancanta kowa ya fara shukawa a gida, kuma dalilin ba ƙarami ba ne. Ɗanye muke cin sa, a kwaɗo da garin ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa da ɗan man gyaɗa, alhali wasu lambunan bakin birane da ruwan kwata ake yi musu ban-ruwa. Wanda bai samu na gida ba, ya wanke na kasuwa sosai, ruwa bayan ruwa, kafin ya yanka.

Tayim da ba a raba shi da dafa-duka da soyayyar kaza, halinsa daban da na ɗaɗɗoya ta kowace fuska. Daga busassun tsaunukan bakin Bahar Rum ya fito, inda ƙasa tsakuwa ce, ruwa kaɗan. Yawan ban-ruwa ne ke kashe shi, don haka a haɗa masa ƙasa da yashi, a bari ta bushe kafin a sake zubawa. Yana jure doguwar dahuwa, tun farko ake zuba shi tare da nama. Bushewa ma ba ta rage masa ƙarfi: cokali ɗaya na busasshe yana tsaya wa kamar uku na ɗanye.

Shin ko kun san hulba ta taɓa tayar da hankalin birnin New York? Daga 2005 mazauna birnin suka riƙa jin wani ƙamshi mai zaƙi yana cika unguwanni lokaci zuwa lokaci, har wasu suka tsorata ko iskar guba aka sake musu. Sai a 2009 magajin garin na lokacin, Michael Bloomberg, ya sanar cewa an gano tushensa: wata masana'anta ce a jihar New Jersey da ke tsallaken kogi take sarrafa 'ya'yan hulba, iska na kwaso ƙamshin. Duk wadda ta taɓa shan hulba kwana biyu a jere ba za ta yi mamaki ba, domin har a zufa yake fita. Abin da da yawa ba su gwada ba shi ne ganyenta. A Indiya miya ake yi da shi, ana kuma cuɗa shi a gurasa. 'Ya'yan da ke hannun mai kayan ƙamshi su ne irin: a jiƙa su kwana ɗaya, a shuka da sanyi, cikin mako uku zuwa huɗu a yanka. Dangin wake ce, tana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Shuwaka kuwa har namun daji sun san da ita. A 1987, a tsaunukan Mahale na Tanzaniya, masanin birai Michael Huffman da abokin aikinsa Mohamedi Seifu Kalunde suka ga wata biranya daga cikin manyan biran da ake kira cimfanzi ba ta da lafiya, ba ta cin abinci. Ta je ta karyi reshen shuwaka, ta ɓare bawon, ta tauna ɓargon ciki, ta tsotse ruwan mai ɗaci, ta tofar da tuƙar. Washegari ta warware. Wannan gani yana cikin abin da ya buɗe binciken yadda dabbobi ke yi wa kansu magani. A Kamaru da ita ake yin ndole, miyar gyaɗa da suke fita kunyar baƙo da ita. Sanda ɗaya da aka soka a jiƙaƙƙiyar ƙasa da damina ta isa ta zama bishiyar gida. Masu wanke ta har sai ɗacin ya fita tas su sani cewa ba ɗaci kaɗai ke bin ruwan ba. A bar mata kaɗan, miyar ta fi armashi.

Ga wasu a gurguje. Yakuwa tsiro ɗaya ce mai amfani uku: ganyen na miyar taushe da fate, zoɓon na sha, 'ya'yan kuma na daddawar batso. Ba ta yin fure sai yini ya fara gajarta, wajen ƙarshen damina, ko da wuri aka shuka ta. Zoɓon Jigawa da maƙwabtanta har Meziko ake lodinsa, inda suke shan sa da ƙanƙara. Lalo da ake ci da tuwo a arewacin Gana, shi ne mulukiyar Masar da Sudan, kuma daga karansa ake samun zaren buhun garara a Bangaladash da Indiya. Karkashi ɗan'uwan riɗi ne, ku dubi furensu. Tafasa tana naɗe ganyenta da almuru ta buɗe da safe. A Darfur da gabashin Cadi ana kirɓa ganyenta, a danna a tulu, a binne kamar mako biyu har ya ruɓa, a dunƙula a shanya. Sunansa kawal, kuma yana tsaya wa talaka a matsayin nama a miya.

Shin ko kun san zogale baƙo ne da ya zama ɗan gari? Asalinsa arewacin Indiya. A shekarar farko yana iya wuce mita 3, shi ya sa masu lambu a Maraɗi da kewayen Yamai ba sa barin sa ya miƙe: datse shi suke yi ya yi rassa, ganye ya yawaita inda hannu zai kai. Ba ya son ƙasar da ruwa ke kwanciya. 'Ya'yansa kuma, in aka daka aka zuba a ruwa mai laka, sai dattin ya haɗu ya kwanta a ƙasa. Matan ƙauyukan bakin Nilu a Sudan sun daɗe da sanin haka kafin masu bincike su rubuta. Sai dai tacewa ce kawai, ba ta kashe dukkan ƙwayoyin cuta, ruwan sha sai an tafasa.

Gindin albasa mai saiwa da ake zubarwa a shara, in aka binne shi a gwangwani, lawashi zai ba ku cikin 'yan kwanaki, a yanka ya sake tohowa. Tafarnuwa kuma ba ta da wannan wari mai ƙarfi sai an fasa ta, domin abubuwa biyu ne a ware a cikinta, daka ne ke haɗa su. A daka a bar ta kamar minti 10 kafin ta shiga mai.

Shin ko kun san rana tana cinye amfanin ganyen da aka shanya a cikinta? Ku kwatanta kuka biyu a kasuwa: wadda ta bushe a inuwa kore shar take, wadda ta sha rana a kan tabarma ta koɗe ta koma ruwan ƙasa. Tare da launin ne sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A yake tafiya, wanda ido da garkuwar jikin yara ke buƙata. Zogale da ɗaɗɗoya da na'a-na'a duk haka ne. A baza su a zaure ko rumfa inda iska ke ratsawa, a riƙa juyawa, in sun yi ƙaras a zuba a kwalba mai murfi, nesa da murhu. Kanwa ma tana da nata: tana sa ganye ya yi laushi ya riƙe korensa, amma tana lalata bitamin C da wasu daga cikin bitamin B. A rage hannu da ita, ganye mai taushi irin na alayyafo da ɗanyen zogale ma ba ya buƙatarta.