Badujalar 'Yan Birged

Mukan ji daɗin badujalar 'Yan Birged ran Kirsimeti da ran ɗaurin aure, amma kaɗan ne cikinmu suka san wahalar koyonta. William Alexander Smith ne ya kafa ƙungiyar a Gilasgo a 1883, ta iso Ikko a 1908.

Ku dubi begila. Ba ta da maɓalli ko ɗaya, da leɓe da numfashi kaɗai ake juya muryarta, muryoyin kuwa ba su fi biyar ko shida ba. Yaro yakan yi makonni leɓensa na ciwo kafin sauti ya fita sarai. Babbar ganga kuwa sai mai ƙirji.

Abin da suka fi so shi ne tsofaffin waƙoƙin sujada, tun ba waƙar anka ba, wadda Priscilla Owens ta rubuta a 1882, mai tuna mana da Ibraniyawa 6:19. Wannan ta fi ƙarfin begila, sai ƙaho mai maɓalli uku.

Da damina waɗansu iyaye sukan riƙe yara a gona har magariba, koyo ya mutu, sa'an nan a Disamba su ce kiɗa ya lalace. Iyaye, mu riƙa sakinsu da wuri ranar koyo.