Kyamarar Tsaro a Siton Ƙungiya: Ina Hotunan Suke Zuwa?



A zagayen da muke yi wurin ƙungiyoyinmu na Talata Mafara, Bakura da Maradun, ana yawan tambayarmu game da kyamarar tsaro mai aiki da hasken rana da layin waya. Dalilin a fili yake. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, noman rani ya samu gindin zama a wannan yanki, sito ɗaya kuwa yakan ɗauki takin zamani, irin shinkafa da injin ban-ruwa na iyalai da yawa. Amma ku sani, kyamara ba ta kama ɓarawo. Aikinta ajiye shaida ne. In ba a saita ta daidai ba, ranar da aka nemi hoto sai a tarar babu.

Rumbu biyu ne

Kyamara tana da wurin ajiya iri biyu. Na farko shi ne katin memori da ake sa mata a ciki. Wannan kamar rumbun cikin gida ne: yana kusa, ba a biyan kuɗin wata, amma in ɓarawo ya cire kyamarar, ya tafi da shaidar ke nan. Na biyu shi ne ajiya ta intanet, wadda Turawa suka yi wa laƙabi da "gajimare". Ba a sama take ba. Manyan kwamfutoci ne na kamfani a wani gari mai nisa, kyamara tana aika musu hotuna ta layin waya. Ko an farfasa ta, abin da ta riga ta aika yana nan. Sai dai wannan rumbu na haya ne, kuma hanyar zuwa wurinsa ita ce sabis.

Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a duk jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni babu sabis. A irin wannan hali, kyamarar da ta dogara ga intanet kaɗai ba ta da inda za ta kai hoto. Saboda haka shawararmu ita ce a yi amfani da rumbunan duka biyu.

Ɗauka kullum, ko sai an yi motsi?

Kyamarar da aka saita ta riƙa ɗauka dare da rana, da hoto mai kyau, tana iya cin gigabayit 10 zuwa 20 a rana ɗaya. Katin gigabayit 64 zai cika cikin kwana 3 zuwa 6, daga nan sabon hoto ya fara hawa kan tsohon yana share shi. Ta intanet kuwa, kuɗin data zai fi ƙarfin asusun ƙungiya, batirin sola ma ba zai jure ba. Gara a saita ta ta ɗauka sai in ta ga motsi.

Amma a lura. In an sa ta ji motsi ƙwarai, akuya, ƙwarin dare da ganyen da iska take kaɗawa za su cika ta da hotunan banza. In an rage da yawa, mutum zai wuce ba ta gan shi ba. A zaɓi saitin gane mutum in tana da shi, a keɓe mata bakin ƙofar sito, sa'an nan wani ɗan'uwa ya gitta da dare a gwada.

Kwana nawa ake ajiyewa?

Kamfanoni sukan ajiye hoto na kwana 7 ko 30, gwargwadon abin da aka biya, daga nan ya share da kansa. In ana ƙidaya buhuna sau ɗaya a wata, ajiyar kwana 7 ba za ta yi amfani ba, gama kafin a gane an yi asara hoton ya tafi. Ko dai a biya na kwana 30, ko kuwa a riƙa ƙidaya kowane mako.

Abubuwan kiyayewa

1. A gyara kwanan wata da agogon kyamara. Hoto mai lokacin da ba daidai ba shaida ce mai rauni.

2. A canja kalmar sirrin da ta zo da ita. A buɗe asusun da sunan ƙungiya, shugaba da ma'aji su san kalmar, kada ta zauna a hannun mutum ɗaya.

3. A rubuta ranar ƙarewar data da ta kuɗin ajiya a littafin magatakarda.

4. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙura daga idon kyamara da farantin sola.

5. Kada a juya ta wajen cikin gidan maƙwabci. Mutuncinsa da na iyalinsa hakki ne a kanmu.

6. In abu ya faru, a sauke hoton a waya ran nan, a kai wa hukuma. Kada a watsa shi a WhatsApp, kada kuma kowa ya bi sawun masu makami. Rai ya fi buhun taki.

Kayan da suke cikin sito amana ce ta 'yan'uwa, har da gwauraye da marayu. A taronku na gaba, ku buɗe wayar a gaban kowa, ku nemi hoton daren jiya. In kun same shi, madalla. In babu, ku gyara tun ba a yi asara ba.

Allah ya kiyaye mu, ya sa albarka ga aikin hannuwanmu. Amin.