Buzzcocks: samarin da suka ranci fam 500 suka tada kiɗan birnin Mancesta

Tsofaffin ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram waɗanda suka yi cinikin yadi ba su rasa jin sunan Mancesta ba, gama daga masaƙun wannan birni da na kewayensa ne atamfar Ingila ta riƙa fitowa shekara da shekaru. Birnin yana arewa maso yammacin ƙasar Ingila, tsakaninsa da Landan wajen kilomita 300. To amma a shekarar 1976 arzikin auduga ya riga ya zama labari. Masaƙu da yawa sun rufe, tashar jiragen ruwa tana mutuwa, ana rushe tsofaffin unguwannin ma'aikata. A ƙasar baki ɗaya marasa aikin yi sun haura miliyan ɗaya, tsadar kaya ta gallabi talaka, har sai da gomnati ta je neman rance wurin Asusun ba da Lamuni na Duniya. Saurayin da ya gama lakwal a wannan zamani, in ya yi sa'a ya samu aikin akawu; in bai yi ba, sai zaman jiran ɗan abin da hukuma ke ba marasa aiki.

Cikin wannan hali ne wani sabon kiɗa ya ɓullo, wanda Turawa ke ce ma pank. Reshe ne na kiɗan rok, amma an sauke masa duk wani ado. Gita ɗaya ko biyu, da gita mai babbar murya, da ganguna, da mawaƙi wanda sau da yawa ihu ya fi waƙa yawa a bakinsa. Waƙa ba ta cika wuce minti uku ba. Manyan makaɗan rok na lokacin sun zama tamkar sarakuna, suna wasa a filayen ƙwallo da kayan kiɗa na miliyoyi, yaron unguwa ba shi da halin kusantarsu balle ya yi koyi da su. Ƴan pank suka ce wanda duk ya iya kama gita ya hau dandali, ƙwarewa ta same shi a can.

A Landan ne wutar ta fara kamawa, ta hannun wata ƙungiya mai suna Sex Pistols. Yadda ta isa Mancesta kuwa, aikin ƴan makaranta biyu ne na kwalejin fasaha ta Bolton, wani gari da ke maƙwabtaka da birnin. Sunayensu na yanka Howard Trafford da Peter McNeish, daga baya suka koma Howard Devoto da Pete Shelley. A watan Fabrairu na 1976 suka karanta ɗan taƙaitaccen labarin Sex Pistols cikin jaridar kiɗa ta NME. Ba su taɓa jin ko waƙa guda ta waɗannan mutane ba, don a lokacin ba su da faifai. Suka ari mota, suka kama hanyar kudu tare da abokinsu Richard Boon, suka kalli wasan ƙungiyar dare biyu a jere a garuruwan da ke bayan Landan. Kafin su juyo gida sun yanke shawara biyu: za su kafa tasu ƙungiya da sunan Buzzcocks, kuma za su kawo Sex Pistols Mancesta.

Ɗakin da suka yi haya shi ne ƙaramin zauren da ke saman Free Trade Hall, babban ɗakin taro na birnin, wanda aka gina a filin da sojan doki suka afka wa masu neman ƴancin zaɓe a 1819. Ranar 4 ga watan Yuni 1976 aka yi wasan, kuɗin shiga rabin fam. Abin dariya, masu gayyar ba su hau dandali ba a wannan dare, domin ƙungiyarsu ba ta cika ba. Su ne masu sayar da tikiti a bakin ƙofa. A nan ma Allah ya haɗa su da mutum na uku. Malcolm McLaren, manajan Sex Pistols, ya ga wani saurayi tsaye a waje yana jiran wani, ya zaci shi ne makaɗin da su Shelley ke nema, ya ja shi ciki. Saurayin nan shi ne Steve Diggle, kuma kuskuren McLaren ya zama aikinsa na tsawon rai.

Mutanen da suka zo ba su wuce wajen 40 ba, kujeru da yawa babu kowa. Yau kam, in aka tara masu rantsuwa cewa suna wurin, filin ƙwallo ba ya ɗaukarsu. Amma waɗanda suka zo da gaske sun isa. Akwai Bernard Sumner da Peter Hook, abokai tun daga lakwal a Salford. Kashegari Hook ya ranci fam 35 wurin mahaifiyarsa ya sayi gita mai babbar murya, alhali bai san yadda ake kaɗa ta ba. Akwai wani yaro ɗan shekara 17, Steven Morrissey, wanda ya koma gida ya rubuta wa NME wasiƙa a kan abin da ya gani. Shi ne daga baya mawaƙin The Smiths. Da aka sake gayyato Sex Pistols ranar 20 ga watan Yuli, zauren ya cika da ɗaruruwan mutane. A wannan karo Buzzcocks sun samu mai ganga, John Maher, ɗan shekara 16, suka hau dandali suka yi wasa a bainar jama'a. Cikin waɗanda suka halarci ɗaya daga cikin dararen nan biyu har da Ian Curtis, ma'aikacin gomnati, da Mark E. Smith, akawu a tashar jiragen ruwa, wanda ya kafa The Fall, da Tony Wilson, ɗan jaridar gidan telebijin na Granada. Abin da ya kama zuciyar samarin nan, bisa ga yadda su da kansu suka sha faɗi, shi ne ganin tsararrakinsu a kan dandali suna yin abin da kowa zai iya gwadawa.

Saura maganar faifai. Al'adar lokacin ita ce ƙungiya ta yi ta aika kasat zuwa manyan kamfanonin Landan, ta zauna jiran amsa, sau da yawa amsar ba ta zuwa. Wakilan kamfanoni kuwa ba su cika wahalar da kansu da hawan jirgin ƙasa zuwa arewa ba. Buzzcocks ba su jira ba. Suka bi iyaye da abokan arziki suka tara rancen fam 500. Ranar 28 ga watan Disamba 1976 suka shiga ɗakin ɗaukar murya na Indigo a Mancesta tare da wani mai suna Martin Hannett, suka ɗauki waƙoƙi huɗu cikin ƴan awowi kaɗan. Suka kafa ɗan kamfaninsu, New Hormones, Richard Boon yana riƙe da shi. Shi ne kuma ya ɗauki hoton da ke bangon faifan. A bayan bangon suka rubuta sau nawa aka maimaita kowace waƙa kafin a ɗauka, kamar mai cewa: ga yadda muka yi, babu asiri.

Faifan ya fito a ƙarshen Janairu 1977 da sunan Spiral Scratch, wato karcen nan da ke kewaya faifai, inda allura ke bi. Guda 1.000 suka fara bugawa, su da kansu suka zauna suna sa kowane cikin bangonsa. Fatansu su sayar da abin da zai biya bashi. Sai ga shi ta hanyar gidan waya da ƙananan kantuna irin Rough Trade na Landan an sayi wajen 16.000. Waƙar da ta fi fice cikinsa ita ce “Boredom”, ma'ana gundura, inda Shelley ya maimaita amo biyu rak a kan gita har sau 66, shaguɓe ga gwanayen da ke shafe minti goma suna nuna yatsu. Kafin wannan faifai, ƙungiyoyin pank na Landan irin su The Damned da Sex Pistols sun fitar da nasu, amma ta hannun kamfanonin wasu. Buzzcocks ne suka nuna wa samarin Ingila cewa da ɗan rance da adireshin ma'aikatar buga faifai, mutum na iya zama kamfanin kansa. Cikin shekaru biyu zuwa uku ƙananan kamfanoni irin wannan suka bazu a biranen ƙasar.

Inda ƙungiyar ta fi cancantar yabo shi ne yadda ta yi da ƙofar da ta buɗe. Akwai wani tsohon gidan silima a unguwar Collyhurst, ya lalace ƙwarai, ana ce da shi Electric Circus, nan ne matattarar ƴan pank na birnin. A watan Disamba 1976, sa'ad da garuruwa da yawa suka hana Sex Pistols wasa saboda ashar da suka yi a telebijin, wannan gida ya karɓe su har sau biyu. A nan ne ranar 29 ga watan Mayu 1977 Buzzcocks suka ba ƙungiyar su Sumner da Hook da Curtis damar share musu fage, wasan farko ke nan na waɗanda a ranar ake kira Warsaw, daga baya Joy Division. Haka suka riƙa ɗaukar The Fall zuwa wasanni, Boon kuma ya biya kuɗin ɗaukar waƙoƙinsu na farko. John Cooper Clarke, mai karanta waƙar baka da saurin tsiya, shi ma a dandalin nan ya yi suna. Da aka zo rufe Electric Circus a farkon Oktoba 1977, aka ɗauki wasannin darare biyu na ƙarshe, kamfanin Virgin ya fitar da su a faifai a 1978. Mai son jin yadda Mancesta take a wannan shekara, can zai nema. Ko a kakar 1979, da Buzzcocks suka yi rangadin ƙasa, Joy Division suka ɗauka, kuma wannan rangadi ne ya ba su Curtis halin ajiye ayyukansu na ofis.

Ita kanta ƙungiyar ba ta daɗe yadda ta fara ba. Faifan bai yi wata guda da fita ba Devoto ya ce pank ya gundure shi, ya fice, ya kafa Magazine. Shelley ya karɓi waƙa, Diggle ya koma kan gita. Ranar 16 ga watan Agusta 1977, ranar da Elvis Presley ya rasu, suka sa hannu da babban kamfanin United Artists. Wasu suka ga kamar sun ci amanar abin da suka koyar. Gaskiyar magana ita ce ɗan kamfanin da ke cikin ɗaki guda ba ya iya buga faifan da ake nema dubu-dubu, kuma makaɗi ma yana biyan kuɗin haya. Shelley ya bar zagin gomnati ga wasu, ya riƙa tsara waƙoƙin soyayya gajeru masu ɗaci. Turanci yana da kalma guda da ke tsaya wa “kai” da “ke”, shi kuwa ya yi amfani da wannan dama da gangan, don kowane mai saurare ya ɗauka da shi ake. A 1978 waƙarsu “Ever Fallen in Love” ta kai matsayi na 12 a jerin faifan da aka fi saye a ƙasar. Bayan manyan faifai uku suka watse a 1981.

Darasin Spiral Scratch kuwa wasu suka ɗauka suka kai shi nesa. A 1978 Tony Wilson da Alan Erasmus suka kafa Factory, kamfanin da ya ƙi ƙaura zuwa Landan. Martin Hannett, wanda ya gwada hannunsa a kan waƙoƙi huɗun nan, shi ya tsara sautin babban faifan Joy Division na farko a 1979. Bayan rasuwar Ian Curtis a watan Mayu 1980, sauran suka zama New Order, suka haɗa kai da Factory aka buɗe gidan rawa na Haçienda a 1982, wanda ya jawo matasan Turai zuwa Mancesta har zuwa rufe shi a 1997.

Buzzcocks sun sake haɗuwa a 1989 suka ci gaba da wasa. Pete Shelley ya rasu ranar 6 ga watan Disamba 2018 a Tallinn, babban birnin ƙasar Estoniya, inda ya koma da zama, yana da shekara 63, Steve Diggle ya karɓi ragamar ƙungiyar. Free Trade Hall kuwa an mai da shi otel tun 2004, amma bangon gabansa yana nan yadda su Devoto suka san shi.