Ƙwallon lambu: Me ya sa sandar ƙarfe ke cin ƙasa kafin ta taɓa ƙwallo?

A New Bell da sauran unguwannin Hausawa na Duwala ƙwallon ƙafa ce sarauniya. Wanda ke son buga ƙwallon lambu, wato golf, a cikakken fili mai ramuka 18, sai ya haye gadar Wouri ya bi ta Bonabéri zuwa filin Likomba da ke Tiko, ko ya nufi na Yawunde da ke gindin dutsen Fébé. Tafiyar na cin kuɗi da lokaci, don haka abin takaici ne mutum ya isa can ya wuni yana tonon ƙasa.

Ba masu kuɗi kaɗai abin ya shafa ba. Ta hanyar ɗaukar jakar sanduna da tsintar ƙwallo 'ya'yan talakawa ke shiga wasan. Haka Issa Nlareb ya fara a filin Yawunde har ya zama ƙwararre, kuma ko bayan ciwon sanƙarau ya raba shi da ƙafafunsa biyu a 2018, ya koma fili. Yaron da ya san dalilin ɓacin bugu yana iya gyara wa maigidansa, kuma shi za a sake nema gobe.

Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna 14, kuma kusan rabinsu na ƙarfe ne, waɗanda ake kira fer da Faransanci. Da su ake auna dandalin da rami yake. Fuskar kowacce a karkace take: mai lamba 7 tana da karkata ta digiri 30 da ɗoriya, mai lamba 9 ta fi ta kwanciya. Wannan karkatar ce ke ɗaga ƙwallo sama, ba hannun mai bugu ba.

A nan yawancin masu koyo ke tuntuɓe. Mutum ya ga ƙwallo a ƙasa, zuciyarsa ta ce ya sa sanda a ƙarƙashinta ya kwaso ta kamar da cokali. Sai ya jingina nauyinsa a ƙafar baya, ya karya wuyan hannu. Lilon sanda kuwa kamar baka yake, yana da wurin da ya fi yin ƙasa. Da zarar nauyi ya tsaya a baya, wannan wuri ya koma bayan ƙwallo. Ko dai sanda ta nutse a ƙasa ƙwallo ta ɗan gangara, ko ta daki tsakiyarta a hanyar tasowa, ta fita a guje ta wuce dandali. Kuskure ɗaya ne mai fuska biyu, shi ya sa gyara ɗaya ke isar su.

Yanayin ƙasa ma na da nasa. A daminar Duwala, musamman Yuli da Agusta, ƙasa jiƙe take, tana riƙe sandar da ta sauka da wuri, sai ƙarfin bugu ya ƙare a laka. A busasshiyar ƙasa irin ta Kano lokacin hunturu, sandar kan yi tsalle ne ta sari ƙwallo a ciki.

Daidai shi ne sanda ta sami ƙwallo tana kan saukowa, sannan ta ɗebi ciyawa a gabanta. Ga mai bugu da dama, a ajiye ƙwallo wajen tsakiyar ƙafafu, kada kai da ƙirji su zame dama yayin ɗaga sanda, sai dai kafaɗu su juya. Saukowa daga ƙasa take farawa: nauyi ya koma ƙafar hagu, ƙugu ya juya, hannuwa su biyo. Lokacin haɗuwa hannuwa su ɗan riga kan sanda. Shawarar nan da ake yawan bayarwa ta "kada ka ɗaga kai" ba ta cika magani ba, sau da yawa ma ƙara sandarar da jiki take yi.

Gwajin ba ya buƙatar Tiko. A sami fili mai yashi inda babu jama'a, a ja layi a ƙasa, a tsaya layin na tsakiyar ƙafafu, a yi lilo goma ba ƙwallo. Duk tabon da sanda ta bari ya fara daga kan layi ya yi gaba. Idan ya faɗo baya, nauyi bai koma hagu ba. Bayan an sami takwas cikin goma, sai a ɗora ƙwallon roba mara nauyi a kan layin, a fara da rabin lilo da sanda mai lamba 9.