Furen Jeji a Idon Mai Zane da Idon Manomi

A cikin shekara ta 1873 wani mai zane ɗan ƙasar Faransa, Claude Monet, ya zana wani fili kusa da garin Argenteuil, inda jajayen furannin jeji suka bazu a gangaren tudu, wata mace mai laima da yaro suna ratsa ciyawa. Zanen ƙarami ne, tsawonsa santimita 50, faɗinsa 65, yana ajiye yau a gidan tarihi na Orsay a birnin Paris.

Da aka nuna shi a bainar jama'a a 1874, tare da ayyukan abokansa, masu sharhi sun yi musu ba'a cewa aiki ne wanda ba a gama ba. Dalili kuwa, in mutum ya matso kusa ba zai ga ko fure ɗaya cikakke ba, sai ɗige-ɗigen jan fenti. Amma in ya ja da baya kamar taku uku, sai ɗigon nan su haɗu su zama fili mai rai, har a ji kamar iska na kaɗa shi. Wannan shi ne sirrin salon da ake kira imfireshanizim, watau zana abin da ido ya kama a ƙiftawa ɗaya. Mai kallo ya fara da neman inda haske ya fito, sa'an nan ya lura da yadda ja yake ƙara ƙarfi in an ajiye shi jikin kore.

Wanda ya san hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi a watan Satumba ba baƙo ba ne ga irin wannan kallo. Tafasa tana fure ruwan ɗorawa, duman rafi ya malale bakin fadama, furen auduga kuwa ya buɗe fari-fari da safe, kashegari ya koma jaja-jaja. Badon da yaranmu ke tsinka a tafki, irinsa ne Monet ya zana sau wajen 250.

Sai dai akwai abin lura. Jan furen nan na Monet ciyawa ce da ke damun manoman alkama a Turai. Haka nan furen da ya fi ɗaukar ido a gonakin dawa da masara na kudancin Jihar Katsina shi ne na ƙuduji, watau wuta-wuta, wanda ke manne wa saiwa ya tsotse amfanin gona tun kafin ya ɓullo. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai, kuma irin yana iya shekara goma a ƙasa bai mutu ba. Baƙo zai tsaya yana yaba launin, alhali mai gona ya san rumbunsa ne ya ragu.

Don haka ɗan manomi yana da abin da mai kallo na birni ba shi da shi, domin ya san kyan furen, ya kuma san ɓarnarsa. Ɗalibai daga wannan yanki da ke koyon zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ba su da bukatar kwaikwayon filayen Faransa. Ya kamata su fita gona da kayan aikinsu kamar yadda Monet ya yi, kafin kaka ta shigo furanni su bushe.